Shawarwari kan taswirar gurɓatar ruwa a Kano

A zaman da matasan wasu unguwannin Kano suka yi kan kare kogunan Jakara da Challawa daga gurɓata, shawara ta fi karkata ga yin taswira a intanet, wadda kowa zai iya buɗewa a wayarsa ya sa alama inda ya ga ɓarna.

An fi daɗewa a kan wuraren da za a fara da su. Rafin Getsi na kwaso dagwalon masana'antun Bompai ya zuba a Jakara, Salanta kuma na kai na Sharada cikin Challawa. Ruwan kamfanonin jimar fata da ke cikin masana'antun nan yakan ɗauko sinadarin kuromiyom mai illa ga lafiya, ga shi da ruwan Jakara ake ban-ruwan latas da alayyafon da muke saye a kasuwa. Wannan kaɗai ya isa ya tayar wa mutum hankali.

Masu ilimin abin sun ce Google My Maps, manhajar haɗa taswira, ya wadatar a farko, KoboToolbox kuma, manhajar tattara bayanai, yana karɓar bayani ko babu data. Kowace alama ta zo da hoto, kwanan wata, launin ruwan da warinsa. Su ma kududdufan da ake cikewa da shara a saka su.

An ja kunne sosai: ido ba ya gano guba, sai an kai ruwan ɗakin gwaji, don haka kada a ɗora wa wani kamfani laifi babu hujja. A sanar da mai unguwa kafin ɗaukar hoto, a riƙa komawa wuri ɗaya rani da damina, sannan a miƙa abin da aka tara ga NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da Ma'aikatar Muhalli ta jiha.