Tun da aka hana parakwat, yaya kuke yi da ciyawa?

Baban Sadiya, Saminaka:
Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Jiya na shiga kasuwa neman maganin ciyawa mai ƙonawa, wanda nake share gona da shi kafin in shuka masara. Mai shagon da na saba da shi ya ce ya daina kawowa, wai hukumar NAFDAC ta hana wannan magani, wato parakwat, tun 1 ga Janairun 2024, atirazin kuma, shi ma maganin ciyawa ne, daga farkon 2025. Ban yi taku ashirin ba wani yaro ya ja ni gefe, ya ce akwai in zan ƙara kuɗi. Ban saya ba, na ce bari in ji daga bakinku tukuna. Wanda ya ga illarsa da idonsa ya faɗa mana, wanda ya samu madadinsa ma ya faɗa. Don Allah ban da labarin "an ce".

Mai Feshi, Kura:
Wa alaikumus salam. Ni sana'ata ce, a kan kowace jarka ake biyana. Damina uku da suka wuce murfin injina ya tsage, ban kula ba. Tun hantsi nake jin sanyi-sanyi a gadon baya, na ɗauka gumi ne. Jarka tara na yi ranar, rigar tana jiƙe a jikina har la'asar. Kwana biyu bayan nan fatar ƙuguna ta saɓule kamar an zuba mini tafasasshen ruwa, wata guda a rub da ciki nake kwana. Farcen babban yatsana, wanda nake toshe bakin kwalba da shi in ina aunawa a gwangwanin madara, ya yi fari ya fita. Haɓo kuwa in na yi feshi iska na kaɗowa ta gabana, ba a magana. Kuma duk mai feshin da ya ce bai taɓa hure bakin injin da bakinsa ba in ya toshe, to bai daɗe a aikin ba. Amma maganar gaskiya, har bara mai gona in ya kawo parakwat ina fesawa. In na ƙi, akwai yara goma a bakin hanya da za su karɓa.

Maman Ihsan, ma'aikaciyar jinya:
Malam Mai Feshi, Allah ya tsare gaba, ka auna arziƙi. Fata in ta yi rauni, guban yana ratsawa ya shiga jini.

Ni abin da ya sa ban yi baƙin cikin hanin nan ba, wani yaro ne da aka kawo mana, bai fi shekara bakwai ba. Mahaifinsa ya sayi na awo, aka zuba masa a robar lemo, ya ajiye a bayan buhunan taki a zaure. Yaron ya kurɓa ya tofar. Aka ɗura masa manja da madara, ya yi amai, da yamma har ya fita wasa, sai aka ce ai ya fita. Sai rana ta uku aka kawo shi, baki da harshe duk gyambo, ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Fitsari ya ragu, daga baya numfashi ya fara sarƙewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yana cikin hayyacinsa, yana tambayar yaushe za a koma gida. Uban yana roƙonmu mu ƙara masa iskar oksijin, ga shi a wannan gubar iskar ƙara cin huhun take yi. Bai kai mako biyu ba.

Parakwat ba shi da makari, a ko'ina cikin duniya. Manja da madara ba sa yin komai sai cinye lokaci. In tsautsayi ya faɗa, a kwashi mutum zuwa asibiti a sa'ar nan, ko da yana dariya, a tafi da kwalbar.

Alhaji Na-Fadama, Funtuwa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba iyayensa haƙuri. Hajiya, ban musa miki ko ɗaya ba. Sai dai waɗanda suka sa hannu a takardar hanin ba su taɓa neman 'yan ƙwadago a tsakiyar Yuli ba. Samarin duk sun tafi acaɓa da haƙar zinariya, wanda ya rage kuma kuɗin da zai yanka maka na noman fari kaɗai ya isa ka sayi maganin gonar gaba ɗaya. Na koma wani maganin ciyawar, gilaifoset. Kan kiri-kiri da tofa ya ma fi, don yana bin saiwa. Amma sai ka yi mako guda ko fiye kana kallon ciyawa tsanwa shar, in kuma ruwa ya sauko bayan ka fesa, kuɗinka sun bi rariya. Parakwat kuwa ka fesa da safe, gobe gona ta yi ja. Wanda damina ta tsere wa, kwana bakwai ba wasa ba ne.

Malamin Gona, Zariya:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, saurin nan shi ne ya sa mutanenmu suka riƙe parakwat. Ganyen da ya taɓa kawai yake ƙonawa, saiwar tana nan, shi ya sa bayan sati uku aya-aya take dawowa kamar da gayya. Tsohon magani ne, tun 1962 aka fara sayar da shi da sunan Gramoxone. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi a 2007, Barazil da Tailan a 2020, Sin ma da ke sarrafa shi ta hana manomanta. Amurka ba ta hana ba, amma sai mai lasisi ke fesawa, kuma akwai dubban ƙararraki a kotunansu na masu cewa shi ya jawo musu cutar karkarwa ta Parkinson. Launin shuɗi-kore da warin nan da kuke ji, da gangan aka zuba, har da abin sa amai, don kada a sha. Atirazin kuma laifinsa daban: yana daɗewa, yana sauka cikin ruwan ƙasa, rijiya da rafi. A gonar gwajinmu mun koma wani maganin ciyawa da ake kira gulufosinet, cikin kwana uku zuwa biyar ake ganin aikinsa, sai dai tsada. Shi ma guba ne, ba a fesa shi da silifa da singileti.

Inna Ta-Annabi, Giwa (ɗanta ke rubuta mata):
Ku maza lissafin masara kawai kuke yi. Da, in damina ta zauna, bakin gona muke zuwa mu tsinko lalo da tafasa da gasaya, mu yi miya mu yi kwaɗo, har mu shanya na rani. Yanzu ko ka gani ba ka yarda ka tsinka ba, ba ka san wa ya yi feshi jiya ba. Tunkiyata biyu suka mutu bayan yara sun yiwo musu ciyawa a gefen wata gona. Kududdufin bayan gari da kwaɗi ke hana mu barci, nan masu feshi suke wanke injinansu, yanzu tsit. Sannan a daina ba mata jarkokin maganin suna zuba man gyaɗa da ruwan sha, wankin omo ba ya fitar da shi.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar tun 2011 ƙasashen CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, suka hana parakwat. To amma duk ranar kasuwa ga shi nan a shimfiɗe bisa tabarma, a rana, kuma ta Jibiya da Illela yake shigo muna. Da muka ji Nijeriya ta hana mun ce to, yanzu rijiyar ta ƙafe daga tushe. Bana ya ragu, ya yi tsada, kuma wanda ake samu wani takardar jikinsa ta koɗe, ba ka sanin ko na yaushe ne.

Baban Sadiya, Saminaka:
Na gode ƙwarai. Maman Ihsan, ina gama karanta naki na tashi na duba rumbu. Akwai ragowar na bara a robar ruwa, rabin ta, ba ko rubutu a jiki, kuma nan Sadiya take shiga ɗebo wa kaji dawa. Na ɗauke na kulle a akwatin ƙarfe. Bana zan gwada gilaifoset tun da wuri, sati biyu kafin shuka, in bi da shanun huɗa. Malamin Gona, ita wannan ragowar yaya zan yi da ita? Na san dai ba a zubawa a rafi ko masai, kuma ba na son ta sake kwana a gidan.