Lissafin Bentham ya ce a kashe mutum ɗaya a ceci biyar, yaya zan amsa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. An ba mu aiki a darasin falsafa kan ra'ayin Jeremy Bentham, mutumin Ingila da ya rasu a 1832. Shi a wajensa ana gane aikin kirki ne da yawan daɗin da ya jawo da raɗaɗin da ya rage. Har ma'auni bakwai ya kafa, ciki da ƙarfin daɗin, daɗewarsa, tabbacin samuwarsa da yawan mutanen da zai shafa. Wannan duk na fahimta.

Inda na cije shi ne misalin likita. Marasa lafiya biyar na kwance suna jiran dashe, wani zuciya, wani hanta, wani ƙoda, sai ga lafiyayyen mutum ya shigo a auna masa jini kawai. Lissafi ya ce a kashe shi a dasa musu sassan jikinsa a ceci biyar ɗin. Raina ya ƙi, amma malaminmu ya ce ƙin rai ba hujja ba ce, in nemo amsa daga cikin shi ra'ayin na Bentham.

Na ce ai jama'a za su ƙaurace wa asibiti saboda tsoro, ya ce to idan babu wanda zai sani fa? Na leƙa John Stuart Mill, wani masanin falsafa mai bin wannan ra'ayi, wanda ya ce daɗin tunani ya fi na jiki daraja, ban ga ya ceci bawan Allahn nan ba.

Akwai mafita a cikin ra'ayin, ko dole sai an shigo da batun haƙƙi daga waje? Masana fiƙihu kuma, don Allah, zan iya kwatanta shi da maslaha, ko kuwa hanyar jirgi daban ta mota daban?