Littafin Maria Konnikova kan wasan poka: rayuwar ƙwararren ɗan karta ya nuna, ko ado ya yi wa caca?

Habibu Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na kammala karanta The Biggest Bluff na Maria Konnikova, wanda ya fito a shekarar 2020, kuma ina neman ra'ayin waɗanda suka riga ni karanta shi. Ga wanda bai san littafin ba, marubuciyar 'yar jarida ce haifaffiyar Mosko da ta tashi a Amurka, ta kuma yi digiri na uku a ilimin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Columbia. Lokacin da ta ɗauki wannan aiki ko yawan katunan da ke cikin kwalin karta ba ta sani ba, sai ta roƙi Erik Seidel, ɗaya daga cikin tsofaffin gwanayen poka (wasan karta da ake zuba kuɗi), ya koya mata, da niyyar ta shekara guda tana wasan sannan ta rubuta abin da ta gani. A watan Janairun 2018 ta lashe wata gasa a tsibiran Bahamas, ta samu sama da dala 84,000, kuma daga nan ta ci gaba da wasan a matsayin sana'a.

Abin da ya sa nake tambaya shi ne ƙanena ya ga littafin a kan teburina ya ce in ara masa. Ya gama jami'a, bai samu aiki ba, kuma na san ya taɓa sa hannu a cacar ƙwallo ta waya. Ni na ji daɗin littafin, amma na kasa tantancewa ko gaskiyar rayuwar masu wannan sana'a ya nuna, ko kuwa ɓangaren da ke ƙyalli kawai ya haska. In ba shi, ko in ɓoye?

Maryam Gwale ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Na karanta shi sau biyu, kuma a ganina wanda ya ɗauke shi a matsayin littafin karta bai fahimce shi ba. Tambayar da ta dami marubuciyar ita ce ina iyakar abin da ke hannun mutum, ina kuma sa'a ta fara. Ta bayyana cewa ta shiga wannan tunani ne bayan wata shekara da musibu suka yi wa iyalinta rubdugu: kakarta ta zame ta faɗi a gida, faɗuwar da ta zama ajalinta, mahaifiyarta ta rasa aiki, ita kanta kuma ta kamu da ciwon da likitoci suka sha wahalar gane kansa. A cikin wannan hali ne ta ci karo da aikin masanin lissafi John von Neumann, wanda shi da Oskar Morgenstern suka wallafa littafin da ya aza harsashin nazarin dabarun wasanni a 1944. Shi von Neumann poka ya fifita a kan cas (wasan darar Turawa), domin a cas kowa yana ganin allon gaba ɗaya, alhali a poka kowane ɗan wasa yana riƙe da katunan da abokan hamayyarsa ba su gani, dole ya yanke shawara da guntun sani, ga kuma burga, wato mutum ya zuba kuɗi kamar mai babban hannu alhali babu komai a hannunsa. Haka kasuwa take, haka neman aure yake, haka mafi yawan al'amuran rayuwa suke.

Wurin da ya fi zama mini a rai shi ne inda Seidel ya hana ta ba shi labarin yadda sa'a ta juya mata baya. Ta zo masa cike da takaici za ta faɗi yadda kati na ƙarshe ya kayar da ita bayan ita ce ke gaba, ya dakatar da ita, domin abin da yake son ji shi ne dalilin da ya sa ta yi abin da ta yi a lokacin da shawara ke hannunta. Katin da ya faɗo bayan haka ba aikinta ba ne. Ni malamar makaranta ce, kuma tun daga lokacin na daina tambayar ɗalibi maki nawa ya samu kafin in tambaye shi yadda ya bi ya kai ga amsar. Mutum yana iya yin dabara mai kyau ya faɗi, yana iya yin wauta ya ci, kuma na biyun ya fi haɗari saboda zai maimaita wautar yana ganin gwaninta ce.

Ba ta ɓoye wahalar ba. Littafin ya buɗe ne da ita a babbar gasar duniya ta Las Vegas, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne, ciwon kai mai tsanani ya kwantar da ita a banɗaki tana amai, kuɗinta na kan tebur kuma yana ta zaizayewa. Ta kuma yi bayanin irin raini da maganganun banza da ta sha a wurin da mata ba su kai biyar cikin ɗari na 'yan wasa ba.

Akanta Sani ya rubuta:

Malama Maryam ta faɗi gaskiya game da darasin littafin, amma Malam Habibu ya yi tambaya ne kan rayuwar masu sana'ar, kuma a nan nake ganin littafin ya gaza. Wannan baiwar Allah ba ta shiga poka don ta ci abinci ba. Tana da digiri na uku, tana rubutu a mujallar The New Yorker, tana da littafin da za ta rubuta ko ta ci ko ta faɗi, malaminta kuma mutum ne da ya zo na biyu a babbar gasar duniya tun 1988, lokacin da Johnny Chan ya doke shi. Bayan nasarar Bahamas kamfanin wasan poka ta intanet mai suna PokerStars ya ɗauke ta ta zama jakadiyarsa. Wanda ya hau igiya da katifa shimfiɗe a ƙarƙashinsa ba zai ba ka labarin wanda ya hau babu komai ba.

A matsayina na mai aikin lissafin kuɗi, abin da ya fi damuna shi ne yadda ake faɗin alƙaluman wannan wasa. Idan aka ce wane ya ci dala kaza a rayuwarsa, abin da ya karɓa ake nufi, ba a cire abin da ya biya ba. A ɗauki misalin mutumin da aka rubuta ya ci dala 200,000 a shekara. Idan kuɗin shiga gasanni ya lashe 150,000, saura 50,000, kuma daga ciki ne zai biya jirgi da otal da abinci da haraji. Galibinsu ma ba da kuɗinsu kaɗai suke wasa ba, suna sayar da wani kaso na abin da za su ci ga masu zuba musu jari, don haka hoton da ake ɗauka da tarin kuɗi a gaban mutum ba ya nuna abin da zai kai gida. A yawancin gasanni kimanin kashi 15 cikin ɗari ne kawai ke samun wani abu, sauran su tashi hannu rabbana, gidan cacar kuma ya riga ya cire la'adarsa tun kafin a raba kati.

Ban ce babu ƙwarewa ba. Masanin tattalin arziki Steven Levitt da abokin aikinsa Thomas Miles sun duba sakamakon gasannin duniya na 2010, suka gano cewa waɗanda aka riga aka sani da gwaninta sun samu ribar sama da kashi 30 cikin ɗari na abin da suka zuba, sauran jama'a kuma sun yi asarar kimanin kashi 15. To amma a lura da ma'anar wannan: ribar ƙwararre daga aljihun na gefensa take fitowa, ba wani abu aka noma ko aka ƙera ba. Kuma ko ƙwararren ba ya tsira daga sa'a. Wanda aka raba wa katin A guda biyu, hannu mafi ƙarfi da ake farawa da shi, idan ya kara da mai katin K guda biyu zai ci kusan sau 82 cikin ɗari. Idan sai ya tsallake irin wannan karo sau biyar a jere kafin ya kai ƙarshen gasa, damarsa ta sauko zuwa kusan 37 cikin ɗari, alhali bai yi kuskure ko ɗaya ba. Shi ya sa gwani ke iya yin watanni bai ci komai ba, kuɗin haya kuwa ba ya jira.

Littafin da zai ba da cikakken hoto sai ya tsaya sosai a kan irin su Stu Ungar, wanda ya lashe babbar gasar duniya a 1980 da 1981 da 1997, ya kuma rasu a 1998 yana da shekara 45 a wani ƙaramin otal a Las Vegas, miyagun ƙwayoyi da cacar wasanni sun cinye dukiyarsa. Ko dala miliyan ɗaya da ya ci a 1997 raba ta ya yi da mutumin da ya biya masa kuɗin shiga.

Ɗan Maraɗi a New Jersey ya rubuta:

Gaisuwa ga kowa. Na saurari littafin ne ta murya ina tuƙi, domin motar haya nake ja a nan, kuma na yi dariya da na ji tana cewa sai ta tsallaka kogi daga New York zuwa New Jersey ta zauna a shagon shan gahawa kafin ta yi wasa ta intanet, saboda dokar jiharmu ta yarda da shi, tasu kuwa ba ta yarda ba. Wannan gaskiya ne, haka dokokin suke daga jiha zuwa jiha.

Abin da zan ƙara shi ne abin da idona ya gani. Na yi kusan shekara biyu ina ɗaukar fasinja a Atlantic City, kuma akwai wani mutum da nakan ɗauka da asuba daga ƙofar wani gidan caca, lokacin da ni nake shirin sallah shi kuma yake tashi daga aiki. Kullum rigar sanyi mai hula ɗaya ce a jikinsa, da 'yar jaka mai ɗauke da gorar ruwa da ayaba. Da zarar ya zauna sai ya fito da waya ya rubuta awa nawa ya yi da abin da ya ci ko ya rasa, kamar ɗan tireda mai rufe lissafin yini. Ba ya shan giya a wurin, ya ce masu sha su ne abincinsa, shi ya sa daren Juma'a da na Asabar suka fi masa kowane lokaci. Wata rana ya shigo bai ce uffan ba har muka yi nisa, sannan ya ce mini wata na uku ke nan yana ƙasa, kuma matarsa ba ta san adadin ba. Ba shi da albashi, ba shi da fansho, inshorar lafiya kuma shi yake biya da kansa, abin da duk mazaunin Amurka ya san nauyinsa. Daga baya na daina ganinsa. Irin wannan mutumin shi ne ƙwararren ɗan poka na yau da kullum, kuma a littafin Konnikova wucewa kawai ake yi ta gefensa a kan hanyar zuwa manyan gasannin Monte Carlo.

Malam Nasiru Fagge ya rubuta:

Ina ganin ya kamata a faɗi abin da kowa ya sani a zuciyarsa. A wurin Musulmi, muhawarar ko poka ƙwarewa ce ko sa'a ba ta canza hukunci, domin matuƙar mutane sun zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe na sauran, caca ce, kuma aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun yi bayani a fili, har da ƙiyayya da gaba da take haifarwa tsakanin mutane. Karanta littafi a kan abu daban yake da aikata shi, kuma ban ga laifin mai hankali ya karanta don ya fahimci yadda zuciya ke ruɗar mai ita ba. Sai dai marubuciyar tana ƙoƙarin raba poka da sauran caca, tana nuna cewa ita ba mai caca ba ce, kuma wannan ita ce ainihin hujjar da kowane ɗan cacar ƙwallo yake kawowa, cewa shi nazarin ƙungiyoyi yake yi, ba canki-canki ba. Ƙanenka zai ji wannan sashe da kunnen da ba irin naka ba, Malam Habibu.

Maryam Gwale ta rubuta:

Malam Nasiru, na yarda da batun kunne. Abin ban mamaki shi ne binciken digirin marubuciyar, wanda ta yi a ƙarƙashin malaminta Walter Mischel, a kan wannan ruɗin yake: ta sa mutane wasan zuba jari na gwaji, ta ga cewa waɗanda suka fi yarda da iya kame kansu sun fi jinkirin gane cewa al'amari ya fita daga hannunsu. Ke nan littafin yana ɗauke da maganin da kuma cutar, ya danganta da shafin da mai karatu ya riƙe. Tarihin wasan ma ya nuna abin da labarin nasara ɗaya ke yi. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbi ta ƙaramar gasar intanet, ya lashe dala miliyan 2.5 a babbar gasar duniya cikin 'yan wasa 839. Zuwa 2006 masu shiga gasar sun kai 8,773, kowa yana ganin shi ne na gaba.

Habibu Tudun Wada ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɓoyewa ba za ta yi ba, tunda ya riga ya ga sunan kuma wayarsa tana hannunsa. Na yanke shawarar in ba shi, amma bisa sharaɗin mu riƙa zama bayan sallar isha'i muna tattauna babi-babi, kuma kafin ya buɗe shafin farko zan sa shi ya fito da tarihin asusunsa na cacar ƙwallo, mu haɗa abin da ya zuba da abin da ya karɓa, kamar yadda Akanta Sani ya nuna. Akanta, idan ba damuwa, ka turo mini yadda ka fitar da lissafin 37 cikin ɗari ɗin nan dalla-dalla, domin na san abin da zai fara musantawa ke nan.