Yaya masu sana'a a ƙananan garuruwa suke tallar kansu wajajen 1970?

Ɗan Dandali:

Assalamu alaikum. Muna shirya wasan kwaikwayo da zai nuna bakin kasuwar wani ƙaramin gari a ƙasar Hausa, tsakanin 1968 da 1975. Akwai shagon tela, mai gyaran keke, rumfar mahauta da ɗan kanti. Ta yaya waɗannan mutane suke sanar da jama'a sana'arsu? Ana kafa allon shago a lokacin? In ana yi, da me ake yinsa, me ake rubutawa? Ba ma son dattawa su kalla su yi mana dariya.

Mai Buroshi:

Wa'alaikumus salam. Ana yi, amma ba kowane shago ba. Waɗanda ke bakin titin mota ko kusa da tasha su ne suka fi damuwa da allo, domin baƙo suke yi wa. Ɗan gari ya riga ya san ƙofar.

Abu uku ake rubutu a kai: falankin filawud, shafaffen kwano, ko duro da aka fasa aka buge ya miƙe. Filawud ɗaya mai ƙafa 8 da ƙafa 4 ana yanka shi gida huɗu, kowanne ƙafa 4 da ƙafa 2, daidai saman ƙofar shago ke nan. Cutarsa ruwa. In ba a toshe gefunansa da fenti ba, damina ɗaya za ta shiga ta nan, ya kumbura ya rabu falle-falle. Sabon kwano mai ƙyalli kuma ba ya riƙe fentin mai, don sinadarin da aka lulluɓe shi da shi ba ya jituwa da man fenti, sai ka ga rubutu yana ɓarewa. Shi ya sa aka fi son tsohon kwano da ya sha rana da ruwa har ƙyallinsa ya mutu. Shi kuwa duro tsatsa ce matsalarsa: a kankare, a goge da sanfefa, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa kafin komai.

Daga nan sai shafen ƙasa sau biyu, fari ko rawaya, a bar kwana guda tsakani. Ƙaramin gwangwani ya isa allo ɗaya. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora na biyu na farko bai bushe ba, fentin zai yamutse. In ya bushe sai a shafa wa zare alli, mutum biyu su ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiya a saki, ya bar layi. Ana fara zana haruffa da alli daga tsakiyar allo zuwa gefe biyu. Allunan da kake gani haruffan ƙarshe sun matsu sun ƙanƙance, mai su daga hagu ya faro bai ƙirga ba. In kuna son masu kallo su ce "haka yake wallahi", ku yi guda ɗaya mai wannan kuskuren.

Harafi mai tsawon inci 4 ana karanta shi daga ƙetaren titi. Baƙi da shuɗi suna daɗewa, ja ne yake fara koɗewa a rana. Wasu suna tsinka fenti da kananzir don araha, amma yana kashe sheƙi, yana kuma jinkirta bushewa, in lokacin hunturu ne ƙura ta manne.

Rubutun kaɗan ne, hoto ne babba, tunda da yawa ba su karanta boko. Tela keken ɗinki da almakashi, mai gyaran keke tsohuwar taya a rataye a reshen bishiya, ko allo ba ya buƙata. Wani yakan ƙara layin ajami a ƙasa. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ kuma sau da yawa ba a sa ta.

Baba Na-Tasha:

Malam Mai Buroshi ya gama zancen allo, sai dai ina jin tsoron kada ku cika dandali da alluna. Tallar wancan zamani ta kunne ce. Rumfar mahauta ba ta da allo ko ɗaya, kalangu take da shi. Da zarar an yi yanka makaɗi ya fara, gari ya san nama ya fito. Wanzami zabirarsa a kafaɗa ita ce shaidarsa, gida-gida yake bi. Tela mai yawo da keke a ka yana kaɗa almakashi, mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa, ɗan garuwa yana kira. Kowane sauti yaran gida sun san na waye, su ake aika su tsayar da shi.

A kula da maganar sanƙira, wato mai shelar gari. Shela ta fada ce, da gaisuwar sarki ake buɗe ta, kuma cigiya, haraji, allurar rigakafi da gayya take ɗauka. Ɗan kanti ba ya tura sanƙira ya ce sabulu ya iso. Abin da yake yi, ya sallami maroƙi a wurin biki ko suna, shi kuma ya wasa shi, ya ambaci kantinsa a bainar jama'a.

Farantan ƙarfe masu sheƙi da ake gani a bangon kanti, masu hoton keken Raleigh ko keken ɗinki Singer, ba mai kanti ne ya yi su ba. Manyan kamfanonin da yake sarin kaya a wurinsu, irin su UAC, John Holt da GBO, ta hannunsu irin waɗannan suke isowa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana fitowa a lokacin, amma ɗan tireda ba shi da abin yi da ita, mai sayensa bai wuce unguwa uku ba.

Hajiya Mai Atamfa:

Baba, kun manta da rabin gari. Matan aure ba su fita kasuwa, amma ciniki yana gudana a cikin gidaje. Mai ƙosai, mai ƙuli-ƙuli, mai fura, duk yarinya ce tallarta: tire ko ƙwarya a ka, da kira mai waƙa, kuma kowace tana da lokacinta da hanyarta. Koko da ƙosai da sassafe, fura da hantsi zuwa azahar. In yarinya ta sauya lokaci kwana biyu, wata ta ƙwace mata gidaje.

Kaya masu tsada kuwa, atamfa, tasoshi, sarƙa, dillaliya ce take shiga da su ɗaki-ɗaki, ta baje a tabarma, ta faɗi gidan da aka riga aka saya. La'adarta tana cikin cinikin. Ɗan kanti mai wayo yakan ba ta turmi biyu ko uku na sabon zane kafin ya rataye a shago. Inda ake samun matsala bashi ne, domin ita ta san wadda ta ɗauka, mai kaya bai sani ba.

Ku sa yarinyar talla ta ratsa dandalin ko sau ɗaya. Kuma kada ta ƙulla wa kowa abu a leda. Ganye ne, ko takardar siminti, ko mai saye ya zo da kwanonsa.

Injiniya Mai Rediyo:

Lasifika tana nan a shekarun, sai dai ta baƙi ce, yawanci masu tallar magani da ke bin kasuwannin mako, kamar Wudil ranar Juma'a ko Mai'aduwa ranar Lahadi. Kayan aikin: batirin mota mai bolt 12, ƙaramar amfilifaya, makirufo, da lasifikar ƙarfe mai faɗin baki a ɗaure a saman mota. In mai magana ya tsaya gaban bakin lasifikar sai ta yi ta kuka, don muryar tana komawa cikin makirufo. In batir ya yi sanyi murya ta shaƙe, da yamma kuma a tura mota.

Ɗan Dandali:

Na gode ƙwarai, iyayena. Saura ɗaya: a rubuta farashi a allon?

Mai Buroshi:

A'a, ba a cika yi ba, ciniki ake yi da baki. In dole ne a ambaci kuɗi a wasan, ku tsayar da shekara. Kafin Janairun 1973 fam ne da sule da sisi da taro da kwabo. Bayan nan naira, fam ɗaya naira biyu, sule kuma kobo goma, kodayake mutane sun daɗe suna lissafi da fam a baki. Kada kuma a sa lambar waya. Mai kantin da ya isa, lambar akwatin gidan waya yake rubutawa a ƙasan sunansa.