Na'ana'a da ɗoɗɗoya a cikin tukwane: me ke ƙona su da bazara?

Uwargida, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san lambu. Tsakar gidanmu a nan Katsina duk siminti ce, shi ya sa na shuka na'ana'a da ɗoɗɗoya da lawashi a cikin robobin fenti. Da hunturu sun yi kyau, amma tun da watan Afrilu ya kama sai ganyen na'ana'ar ya fara ƙonewa daga gefe, ɗoɗɗoyar kuma ta yi fure ta daina sabon ganye, alhali ina ba su ruwa safe da yamma. Ruwan ne bai isa ba, ko laifin ƙasar ne?

Mai Lambu, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki ƙara ruwa, ki duba gindin robobin, domin idan ba a huda su ba ruwa yana kwanciya a ƙasa har saiwa ta ruɓe, shukar kuma ta yi yaushi tamkar mai jin ƙishirwa. Sai dai na fi zargin zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan kan kai digiri 40, siminti kuma yana riƙe shi ya dafa robar daga ƙasa. Ki ɗora su a kan bulo, a jikin bangon da ke samun hantsi kawai, yadda inuwa za ta rufe su kafin azahar. Game da ƙasa, rairayinmu ba ya riƙe danshi, don haka a haɗa kashi 2 na ƙasa da kashi 1 na takin awaki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Malama, Daura:
'Yar'uwa, ɗoɗɗoyarki ba ciwo gare ta ba. Idan ta fara fure, ƙarfinta kan koma ga yin iri, saboda haka ki riƙa tsinke kan da farce a saman inda ganye biyu suka fito, nan za ta yi rassa biyu. Na'ana'a kuwa ba ta son maƙwabci, domin saiwarta tana yaɗo ta cinye wurin, gara ta zauna ita kaɗai. Idan ta riga ta lalace, ki yanko reshe mai lafiya ki sa a kofin ruwa, cikin mako 1 zuwa 2 zai yi saiwa. Ni dai tukunyar ƙasa na fi so, saboda tana sanyaya ƙasar kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Mai Lambu, Ƙofar Marusa:
Malama, gaskiyarki kan sanyi, amma tukunyar ƙasa tana tsotse ruwa da sauri, kuma wanda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa zai ji a jikinsa. Farar roba da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhun algarara ta wadatar. Hajiya ta riƙa tura yatsa cikin ƙasar. Idan da danshi, ta dakata da ban-ruwa.

Uwargida, Ƙofar Ƙaura:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Biyu daga cikin robobin ba su da huda. Akwai kuma wasu ƙananan fararen ƙwari a bayan ganyen ɗoɗɗoyar.

Malama, Daura:
Ki daka ganyen bedi, wato dalbejiya, ki jiƙa shi ya kwana, ki tace ki yayyafa a bayan ganyen bayan la'asar, kuma ki wanke abin da kika tsinka sosai kafin ya shiga miya, domin ruwan bedin yana da ɗaci.