Shawarwarin masana kan raya tsoffin gine-ginen ƙasa

Bakin masana ya zo ɗaya: jami'an tsara birane da masu adana kayan tarihi su koyi aiki a hannun magina, cikin gini irin Gidan Makama na Kano da ya koma gidan tarihi.

A fara da hanyar ruwa: rufi, indararo, gindin bango. Siminti masanan suka fi kuka da shi. Yaɓa shi a kan tubali yana kulle danshi, bangon ya ruɓe ta ciki, wata damina ya zube gaba ɗaya. A koma wa makuba (yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa) da laso (yaɓen gargajiya mai hana ruwa shiga), a riƙa sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Azara ba ta wuce kamar mita 2 babu tallafi, saboda haka kada a fasa bango don faɗaɗa ɗaki. Wayar lantarki ta bi ta kan fuskar bango, banɗaki kuwa a fitar da shi waje.