Jarumi ya kusa 60, jaruma ba ta kai 30 ba: abin yana damun ku ko masu sharhi kaɗai yake damu?

ɗan_bagalam:

Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah tambaya gare ni, ba rigima nike nema ba, gardama ce ta ƙi ƙarewa a fadarmu har shayi na hucewa. Ni mutum ne mai son fim ɗin Indiya na fassara, irin mai faɗa da ban tausayi, in jarumi ya daki mutum goma kuma ya dawo gida ya yi kuka to ni an gama da ni. Na kalli Sikandar na Salman Khan wanda ya fito lokacin ƙaramar sallar 2025 kuma ni gaskiya ya yi mini daɗi, balle wurin da matarshi ta rasu anka ba mutum uku sassan jikinta shi kuma ya tahi Mumbai neman su don ya kula da su. To sai wani abokinmu mai karatu a jami'ar Dan Dicko ya buɗe mini YouTube ya nuna mini masu sharhi, kowa sai sukar fim ɗin yake, wai labarin ba shi da kai, wai jarumin ba ya ko motsa fuska, kuma abin da sunka fi nanatawa shekaru. An haifi Salman a 1965, ita jarumar fim ɗin, Rashmika, a 1996, ya ba ta shekara 30 da ɗoriya ke nan, wai sa'ar ɗiyarshi ce.

Ni kuma wallahi sanda nike kallo abin ko a raina bai zo ba. Yanzu abokin nan ya sa ni gaba wai ban iya kallon fim ba, wai ni duk abin da anka zuba mini sha nike. Shin in masu sharhi sun ce fim bai yi ba kai kuma ya yi maka, wa ke da gaskiya? Kuma wanga zance na shekaru ku yana hana ku jin daɗin fim, na Indiya ko na Hausa?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ba ni bin sharhin kowa. Ina bisa keken ɗinki waya na jingine da gwangwanin zare nike kallo, in fim ya sa na tsaida keke to ya yi, in har na gama riga ban san mi anka yi ba to shirme ne.

Amma zancen shekaru kar ka ce ba komi. Ni maigidana ya girme ni sosai kuma lahiya lau muke zamne, nan Maradi wa zai tsaya mamaki don alhaji ya auri wadda ya ba shekara 20, kowace unguwa akwai. Abin da ke ba ni haushi a fim daban ne. A ɗauko mutum da tumbinshi, gemu ya sha baƙin rini, wuya duk ya ninke, a rataya mishi jaka a ce wai ɗalibi ne ajinsu guda da yarinyar, har shina laɓewa bayan icce kar babanta ya gan shi alhali in ka duba shi da baban sa'o'in juna ne ƙila ma ya girme shi. Raina wayo ke nan. In alhaji ne ku ce alhaji ne, ku nuna muna uwargida da ɗiyanta da yadda za a kwashe ranar da anka kawo lefe, mu mun san wanga labari za mu zamna mu kalla.

Kuma a na Hausa kowa ya san dalili. Mace in ta yi aure galibi ta bar fim ke nan, sai in auren ya mutu ta dawo, in ta dawo an jima kaɗan a fara ba ta uwa ko kishiya. Namiji kuwa ya yi aure ya ƙara har ya aurar da ɗiya shina nan shina rawa cikin lambu. Shi ya sa jarumi guda ya yi soyayya da wadda munka kalla muna ƴan mata, ya yi da sa'ar ƙanwarta, yanzu ga shi da sa'ar ɗiyarta, ita kuwa ta farkon ita ce ke fitowa uwarshi tana sa mishi albarka. Juya shi kuma ka gani, a sa hajiya mai shekara 45 da saurayi ɗan 28, in an yi to don a yi mata dariya ne ko a nuna kuɗinta ya zo ci. Alhali malamai kullum suna faɗa muna Nana Khadija ta girmi Annabi (SAW), tana 40 shina 25.

mai_tura_fim:

Hajiya kin faɗi gaskiya amma bari in ba ku ta ɓangaren kasuwa don ni sana'ata ke nan, tura fim a waya da karti memwar. Tunda na buɗe shago ba wanda ya taɓa zuwa ya ce ba ni wanda masu sharhi sunka yaba. Ƴan kabu-kabu in sun shigo sai wa ya ja fim ɗin, akwai faɗa, fassarar wa ce. Mata kuma yaro suke aikowa da waya cikin leda da ƴar takarda an rubuta sunan shirin da lambar fitowar da sunka tsaya, in na tura wadda sunka riga sunka gani a maido mini yaron da faɗa.

To furodusa a Kano ya san haka. Fuskar da anka sani ita ke saida fim, yanzu ma da komi ya koma YouTube hoton da ke bisa bidiyo shi ke sa a danna, in ya sa sabon yaro ba wanda zai ƙona megarshi a kai. Ita kuwa sabuwar jaruma mutane ma son ganin sabuwar fuska suke kuma kuɗinta bai kai na tsohuwa ba. Ka ga tsohon jarumi da sabuwar yarinya lissafi ne kawai.

Abu guda kuma da abokinka bai lura ba, ɗan_bagalam. Mai sharhin da ke Mumbai ba fim ɗin da ka kalla ya kalla ba. Shi da Indiyanci ya ji, kai kuwa da bakin masu fassara irin su Algaita, kuma waɗannan mutane ba fassara kaɗai suke ba, suna sa barkwancinsu, su sa ma mugu laƙabi, su jefa karin magana inda babu. Akwai fim ɗin da in ka cire muryarsu ba mai kai rabi bai yi barci ba.

Mushe na lise:

Ƴaƴana ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Mu mun fara kallon Indiya a gidan silima marar rufi, ba fassara ba komi, ba mu jin ko kalma guda amma mun san Sarkin Ƙarfi, wato Dharmendra, in ya fito duk fili ya ɗauki ihu. Don haka ba ni zan ce ma yaro kar ya so abin da ranshi ke so ba.

Sai dai kar ku watsar da masu sharhi duka. Mai sharhi na gaske kamar dillalin kara ne, ya buɗe bakin rago ya nuna maka haƙora, saye ko bari kuma naka ne. Matsalar ita ce da yawa cikin masu ɗaukar waya yanzu ba sharhi suke ba, su ba ka labarin fim daga farko har ƙarshe sannan su zagi jarumi don a danna musu. Sharhi shi ne a ce maka ga inda labari ya karye ga dalili. Tun 1999 mujallar Fim take rubutu kan fina-finan Hausa, ba yau anka fara ba.

Kuma masu sharhi da ƴan kallo sun sha saɓawa a kan wannan zance na shekaru, amma ta ɗaya gefen. A 1991 Yash Chopra ya yi Lamhe, Sridevi ta fito uwa kuma ta fito ɗiya, ɗiyar ta girma ta kamu da son mutumin da ya so uwarta, Anil Kapoor. Masu sharhi sun yaba, ya ci kyautar Filmfare ta fim mafi kyau, amma jama'ar Indiya sun juya mishi baya a silima. Ku lura da abin dariya: a zahiri tsakanin jaruman biyu shekara 7 ce kawai, shi 1956 ita 1963. Da labari ya fito fili ya ce babba ne da yarinya sai mutane suka ƙi, amma a haɗa ɗan 59 da ƴar 28 a yi shiru kamar ba komi, sai a saya. Nan maganar Uwar Biyu ta fito.

Mu nan Nijar ma muna da namu, yara ba su sani ba. Oumarou Ganda, wanda anka sa ma gidan raya al'adu na Yamai sunanshi, ya yi Le Wazzou polygame. Alhaji ne ya dawo daga Makka ya sa ido kan yarinyar da anka yi ma wani saurayi alkawari, ya aure ta ta uku, abin ya ƙare da kisa a gidan biki. Shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, karon farko da anka ba da ita. Ganda bai rina ma alhajin gemu ba, ya bar shi alhajinshi.

ƴar_jami'a:

Mushe na gode, ban taɓa jin wannan fim ɗin ba. Amma ni ina ganin ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Rashmika mace ce babba mai kuɗinta da ta karanta kwantiragi ta sa hannu, ni ba ta ba ni tausayi ko kaɗan, in ta ga dama gobe ta ƙi. Abin da ya shafe mu yana nan gida. Alƙaluman UNICEF sun ce 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin 18, dokar ƙasa ma 15 ta sa ma mace 18 ma namiji, kuma jiharmu tana cikin na gaba. Cikin waɗanda muka yi firamare tare nawa ne suka kai brebe, ku da kanku kun sani.

To in yarinya ƴar 14 kullum abin da take gani a wayar mamarta shi ne babban mutum mai mota ya tsaya ya sauke gilas, ta yi murmushi, a yanka waƙa, a gama fim ranar biki, ba a taɓa nuna mata wata shida bayan bikin ba, ba za ku ce ba ya shiga kai ba. Ban ce fim ne ya kawo auren wuri ba, tun kafin bidiyo akwai shi. Yaya ɗan_bagalam ka ce abin ko a ranka bai zo ba, ai saboda kai a wurin jarumin kake zaune in kana kallo. Ka tambayi ƙanwarka ita a wurin wa take zaune.

tsohon_direba:

Kai jama'a ku bar mu mu sha iska. Ni da Salman ɗin nan sa'o'i ne, in na dawo daga hanyar Jibiya baya na ciwo na ga shi har yanzu shina ɗaga mutum shina makawa da ƙasa sai in ji ƙarfi ya zo mini. Ɗiyata ƴar jami'a maganarki gaskiya ce a kan ƙananan yara, nawa ma duk suna lakol, amma fim ɗin faɗa ku bar muna shi.

ɗan_bagalam:

Baba direba Allah ya ƙara lahiya haha. Ƴar jami'a kin ɗaure ni, ƙanwata ma cewa ta yi ita tsohon bai burge ta ba waƙoƙin kawai take so. Ni dai har yanzu fim ɗin ya yi mini. mai_tura_fim kana da na Ganda ɗin da Mushe ya faɗa?

mai_tura_fim:

Babu shi a kwamfutata, kuma da Zabarmanci anka yi shi, ko na samo sai ka nemi mai yi maka fassara a fada. Zan tambayi wani abokin sana'a a Yamai, in ya samu ka zo da memwar mai fili, kar ka kawo mini waccan da ta cika da waƙoƙin biki.